Maɓallin da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani ɗan maɓalli ya kunyata ni gaban manoman Jiratawa ba.

Lokacin ina koyon aiki a wani shagon ordinata, wato kwamfuta, a Sabon Garin Maraɗi, ni da abokina Iliya, ɗan Tibiri. Tare muka gama lakwal, wato makarantar boko. Matsalata da Iliya guda ce: duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau, kuma ba ya ko alfahari balle ka samu hujjar jin haushinsa.

Wata rana mai shagon, Mushe (wato Malam) Rabi'u, ya ce ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa na son manhajar da za a sa a ordinatar buronsu, wato ofishinsu, ta riƙa nuna gonar da za a buɗe wa ruwa yau da ta gobe. Kowannenmu ya gina tasa, wanda manoma suka zaɓa shi zai riƙe aikin.

To, kafin ka gina manhaja mai taga da maɓallai, sai ka zaɓi kayan ginin da za ka koya. Iliya ko shayinsa bai huce ba ya ce Tkinter zai ɗauka.

"Ai tare da harshen Python yake zuwa, kuma na ɗan iya shi," in ji shi.

Na tuntsire da dariya. "Wanga? Mai tagogi kamar na ɗakin kakarmu?"

Ni sai na zaɓi Qt, don na ji ana cewa shi ne na manya. Da na karanta yabon GTK na koma can. Daga nan na leƙa wani, na sake dawowa Qt. (Babu wanda na iya a cikinsu, amma in musu ne a kansu, ko wa na samu sai na kayar.)

Shi kuwa Iliya yana ta aiki. Ran Asabar ya tafi Jiratawa, ya dawo da laka a takalmi da ƙunshin zogale da aka ba shi kyauta. Mushe ya tsaya bayansa ya ce, "Madalla, Iliya." Kowace madalla sai na ji ta har cikin haƙorina.

A nan shaiɗan ya same ni. Idan ka ɗora maɓalli, kakan sa masa ɗan saƙon gwaji don ka ga ko yana aiki. Mutanen kirki "gwaji" suke rubutawa. Ni abin da ke cina nake zubawa, da niyyar in goge daga baya. Sai na shagala da zaɓen launi.

Ranar nuni aka haska manhajojinmu a bangon buro, manoma suka cika tabarmi. Manhajar Iliya toka-toka ce, ba ado, amma duk inda aka latsa tana amsawa. Da na buɗe tawa, kore shar da hoton fadama, sai wuri ya ɗauki "Kai!" Na saci kallon Iliya, na ga ya buɗe baki. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Sai shugaban ƙungiya, wani dattijo, ya matso. "Ɗana, in taɓa?"

"Bismilla, Baba."

Ya latsa "Buɗe ruwa". Rubutu ya fito a bango, manya-manya. Baba ya ce idonsa ba ya gani sosai, sakataren ƙungiya ya karanta masa. Bawan Allah kuwa ya gyara murya:

"Iliya, tagarka kamar ƙofar bayi."

"Mi ya ce?" in ji Baba.

Aka maimaita masa. Na yi wuf na latsa "Rufe" don abin ya ɓace. Sai ga wani saƙon. Wannan karon ba wanda ya nemi sakatare ya karanta, don kansa ya karanta:

"Mushe ma son kai gare shi."

Mushe Rabi'u ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Baba ya dube ni da tausayi. "To ɗana, mun ji. Ruwan hwa?"

Ba ruwa. Ban kai ga nan ba.

Iliya aka ba aikin. Da za mu koma, Mushe ya ja motarsa bai ko waiwaye ni ba, dole na hau bayan babur ɗin Iliya. A haka muka taho har muka shigo Maraɗi. Sannan ya juyo kaɗan ya ce, "Amma gaskiyarka, tagar nan tawa ba ta da kyau. Za ka koya mini yadda ka yi koren nan?"

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu idan wani ya tambaye ni wanne zai koya, Qt ko Tkinter, nakan ce ya ɗauki wanda ya fi masa sauƙi, ya zauna a kansa har ya gama aiki guda. In kuma yana hassadar abokinsa, to ya bar ta a ƙirji, inda ba dattijon da zai latsa.