Ƙarfen matse lemon Fauziyya

Jama'a, ku taya ni murna! Yau na dawo Hayyin Ashir, unguwarmu a nan Masar, da ƙafafuna, fasfona kuma yana aljihu, har ina yi wa direban mikrobas waƙa.

Ga yadda aka yi. Masu Girma na gida, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun yi mana alkawarin kuɗin karatu "nan ba da jimawa ba". Ɗana Harun da aka haifa a makon alkawarin yanzu shi ake aike sayen burodi. Da mai ɗakina Fauziyya ta gaji, sai ta ce za ta riƙa sayar wa ɗalibai ruwan lemo in azumi ya kama, ni dai in samo mata abin matsewa.

Ni kuwa a gwanjon intanet ba ni da na biyu. Ina shiga na ci karo da shi: ƙarfe kore shar, da dogon mariƙi, ga araha kamar kyauta. Bayaninsa da wani yaren Turawa aka rubuta, amma wa ke karanta bayani bayan ya ga farashi? Mutum ɗaya ne ya ja da ni, wani mai gashin baki da ya ɗauki hoto rungume da kan barewa. Ya ɗora, na ɗora. Da na kayar da shi sai da na taka rawa a tsakar ɗaki, har na ƙasanmu suka buga silin da tsintsiya.

Na nuna wa maƙwabcina Munzir, Bahaushen Sudan, hoton. Ya ƙura masa ido ya ce, "Ya zol, lemon ta ina zai shiga? Ramin bai fi ɗan yatsa ba."

Na ce, "Hassada ce ke damunka."

Maimakon kaya, kira na samu daga wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba, don ina son barcina. Na tarar da ƙarfena a kan tebur, wani Basha, wato babban jami'i, yana zaune a bayansa.

Ya ce, "Ya shaikh, ina bindigar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace bindiga? Lemo za mu matse."

Ya ce, "Wannan da shi maharba ke ɗura albarushi a kwanson harsashi." Ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun tebur.

Wallahi tsoro ya kama ni. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, jarrabawar ƙarshe na tafe. In aka ɗora ni a jirgi, shekarun da na yi ina haddar nahawu sun tafi a banza, in sauka Kano ba shahadar kammala karatu, sai sunan ɗan bindiga.

Amma dole in yaba wa hukuma. Ofishin da hatimi ɗaya ke cin wata guda, nan take ya kafa kwamiti. Basha ya ja mariƙin, Babban Basha ya sauko daga bene ya ja, Bashan da ya fi su tumbi ya ja har da lumshe ido. Ni kuma aka ce in dawo bukra, wato gobe. Na dawo, aka ce bukra. Har mai gadi ya fara tambayata lafiyar yara.

Yau dai Basha ya tarbe ni da fara'a. "Khalas, shi ke nan, ma'alish, ka yi haƙuri. Kwamiti ya tabbatar ba ka da haɗari, wauta ce kawai. Kayan kuma an ƙwace saboda tsaro." Ya miƙo fasfo, na kusa sumbatar hannunsa. Ya ce a kawo min shayi.

Ta ƙofar da aka buɗe na hango shi, koren ƙarfena, an ɗaure shi da ƙusa a teburin mai shayi. Mutumin ya sa ɗan ƙaramin lemon tsamin nan na Masar, ya ja mariƙi, ruwa ya tsiyaya a kofi.

Basha ya ce, "Tamam! Ko ɗigo ba ya bari."

Na shanye shayin, na yi godiya.

A gida Fauziyya ta ce, "Alhamdu lillahi. To, Abban Harun, ina abin matsewar?" Kafin in buɗe baki ta dubi hannuwana, ta turo min buhun lemo da ƙafa.

Saboda haka in kun ji shafin nan yana ƙamshin lemo, ku yi haƙuri. Wanda kuma ya riga ni ganin Munzir, ya gaya masa abin yana matsewa, gwamnati ma shaida ce.