Kaka Ta Ba Sauro Gida

"Lafiya lau muka tashi, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya. Shigo, mijin wahala."

Kaka ce ke magana, tana bakin gado tana ɗinke maɓallin riga. Mai shigowar jikanta ne, ma'aikacin lafiya, da jakar gwaji a kafaɗa. 'Yarsa, takwarar Kaka, ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, zazzaɓin cizon sauro ya kusa tafiya da ita. Da can magani ake ba mara lafiya a sallame shi. Yanzu kuwa so ake a ga bayan cutar gaba ɗaya, don haka duk gidan da ta ɓulla sai an gwada kowa. Kowa a gidan ya miƙa yatsa, saura mutum ɗaya, ba sai na faɗa muku ko wace ce ba.

"Amarya, kawo yatsa," in ji shi.

"Amarya a bakinka! Miji ba cefane, ba sutura, sai allura. Alƙali zai raba mu."

"Wane alƙali zai saurari mace mai haƙori uku?"

"Ukun nan sun isa su cire maka kunne. Ni lafiyata ƙalau. Rabona da zazzaɓi tun kana fitsarin kwance."

"Ai shi ne abin. Ku manya kun saba da cutar, tana kwance a jininku ba ta kayar da ku. Sauro ya ɗiba a wajenku, ya kai wa yara."

"Sauron da ya cije ni shi zai nemi asibiti."

Ya ɗaga kai. Ƙusoshin da ya kafa a saman gadon suna nan, ba komai a jikinsu.

"Ina gidan sauron da na kawo miki?"

"Yana ɗakin ajiya, na ɗaura musu."

"Su wa?"

"Masu gidan mana! Ba kai ka ce gidan sauro ba ne? Na ce madalla, gwamnati ta yi musu gida, su tare can su bar min nawa. Har ƙofa na bar musu a buɗe."

"To sun tare?"

"Ina! Irinka ne, sun fi son gidan mutane."

Ya yi dariya har da dafa bango. Kada ku ɗauka ba ta san amfaninsa ba. Kaka ta fi mu wayo, zafin da ake ji a cikin gidan sauron ne ba ta so.

"Shi ke nan," in ji shi. "Takwararki ba za ta ƙara kwana a ɗakin nan ba."

"Ka isa? A bayana ta koyi barci!"

"Ba wasa nake ba, Kaka."

Tunda ya ce Kaka bai ce amarya ba, ta san magana ta wuce wasa. Ta ajiye ɗinkin, ta miƙa hannu, ta kau da kai.

"Wayyo, ya kashe ni! Mahauci!"

"Ban ma taɓa ki ba tukuna."

Ya soka, ya ɗiga jinin a ɗan abin gwajin, suka zuba ido. Can layi biyu suka fito.

"Biyu? Na ci ke nan?"

"Akwai cutar a jininki."

Ta ƙura wa layukan ido. Sai can ta ce, "Kana nufin a wajena yarinyar nan ta samo?"

"Ba wanda ya sani, Kaka. Kuma sauro ne ya kai, ba ke ba."

Tausayinta ya kama shi. Ta goge ido da gefen zani.

"Ba ni maganin in shanye duka yanzu."

"Safe da yamma ake sha, har ya ƙare. A kuma dawo da gidan sauron nan."

"In ya ƙare za ka kawo min takwarata?"

"Da kaina."

Ta haɗiye na farko, ta yamutse fuska, sai kuma ta fashe da dariya.

"Yau kam ka kayar da ni, ja'iri. Ɗauki jakarka mu je gidan maƙwabciya. Kai ka soka, ni zan danne ta."