Sobiyar da na bari ta kwana

Laifin wayata ne. Ita ta nuna mini wasu masu gemu a ƙasar Ailan suna dafa sha'ir a ƙananan gidajen giyarsu, suna shinshina kofi kamar masu sayen turare. Na ce a'uzubillahi, amma ban kashe bidiyon ba. Ilimin da na tsinta shi ne, abin sha sai ya daɗe yake daɗi.

Sai na ce bari in gwada a kan sobiya, ruwan sha'irin da muke buɗa baki da shi a Makka. Matata ta ce, "Baban Hanan, sobiya ba ta son kwana." Na ce mata Turawa har watanni suke bari. Na toshe kwalabe tam, na jera su a baranda cikin zafin unguwarmu ta Shisha.

Ranar da surukina, limamin unguwarsu, ya zo shan ruwa, na dire kwalba a gabansa har da jawabi. Ana kiran magariba na murɗa murfin. Ƙara ta tashi kamar tayar bas ta fashe a tashar Kudai. Kumfa ta wanke masa gemu, tsami ya cika falo.

Tsohon ya shinshina hannun rigarsa a hankali, ya dube ni.

"Ɗana, a Makka? Kuma a watan azumi?"

Sai da ya yi wanka ya sake riga kafin ya ja mu sallah. Har yau, ko shayi na miƙa masa, sai ya ja baya ya tambayi 'yarsa, "Wannan kwanansa nawa?"