Manajan Falo Ya Je Intabiyu

Allah Ya yi wa Manaja baiwar shugabanci, waɗanda zai shugabanta ne kawai ba su samu ba tukuna. Sunan ya samo shi ne tun ranar da manajan tsohon wurin aikinsu ya yi tafiya ya bar masa makullin ofis. Makulli ya koma hannun mai shi, suna ya zauna daram. Da kamfanin ya rufe, sai bawan Allah ya dawo da hedikwatarsa falo, yana mulkin fanka da rimot, matarsa kuwa na ƙuryar ɗaki tana taka keken ɗinki don a ɗora tukunya.

Ƙanin matar ne ya yi ta safa da marwa har ya samo masa intabiyu a wani kamfani mai neman mai kula da sito. Ya kuma rantse wannan ce alfarma ta ƙarshe, bakinsa ya gaji da roƙo.

"Sito?" in ji Manaja, yana murmushin manya. "Haka suke yi. Sai sun gwada tawali'unka kafin su damƙa maka kamfanin."

Shiri ya kankama. Aka zaƙulo kwat daga ƙasan akwati, maɓalli ya ƙi gaisawa da tumbi, ya ce yadin ne ya tsuke. Ya koyi takun ƙasaita a gaban madubi. Ya koyi gyaran murya kala-kala. Sannan ya zaunar da matarsa bayan tebur, wai ta gwada shi.

"To, maigida, me kamfanin nan yake sayarwa?"

"Haba, Maman yara! Wannan ai tambayar 'yan dako ce. Shugaba hangen nesa ake tambayarsa. Tashi, ba ki iya ba, in nuna miki."

Suka yi musayar kujera, kuma tun daga ranar bai sake tashi daga bayan teburin nan ba. Ya yi wa matar intabiyu, ya yi wa yara, har maƙwabcin da ya shigo aron guduma bai tsira ba. Duk sun faɗi.

Ranar da aka sa, ya isa da wuri, sakatariya ta ce ya shiga ya jira. Ga dogon tebur, ga kujera mai juyawa a bayansa, ga wata 'yar kujerar roba a gabansa. Wallahi ba laifinsa ba ne, ƙafafunsa ne suka bi hanyar da suka saba.

Shugabar kamfanin ta shigo da mutum biyu, suka tsaya cirko-cirko.

"Bismillah, ku zauna," in ji Manaja. "Kun ɗan makara, amma ba komai."

Shugabar ta ja kujerar roba ta zauna, tana danne dariya. Shi kuwa ya buɗe famfo: hangen nesa, ɗa'ar aiki, yadda zai gyara musu tafiya. Ta bar shi har ya tsaya shan iska.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Me muke ajiyewa a siton?"

Ɗan hakin da ka raina! Manaja ya yi gyaran murya ta farko, ya yi ta biyu, ya ƙare duk waɗanda ya koya. Abin takaicin, ƙaton hoton bokitan fenti na nan manne a bango, daidai bayan ƙeyarsa. Duk wanda ya zauna a kujerar roba, shi zai fara gani.

Ya dawo gida yana gumi, ya rataye kwat, ya faɗa doguwar kujera.

"Yaya aka yi?" matarsa ta tambaya daga ɗaki.

"Ba su da tsari. Ban ɗauke su ba."

Keken ya tsaya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta fito da tulin ɗinkunan mutane da dutsen guga, ta dire a gabansa, ta zare rimot daga hannunsa.

"Allah sarki. To mu nan mun ɗauke ka, kuma yau za ka fara. Kayan sawa muke ɗinkawa, maigida, ko da wani zai tambaye ka."