Yadda Za Ki Ci Makin Mai Duba a Ajin 'Yan Shekara Uku Ba Tare da Kin Taɓa Majina Ba

'Yar'uwa, an tura ki gwajin koyarwa, kuma ajin 'yan shekara uku ne rabonki? Sannu, Allah ya ba da lada. Ranar Laraba mai duba za ta zo daga kwaleji, ta zauna minti talatin, ta rubuta miki maki. In ya yi kyau kin zama malama. In bai yi ba, sai ki maimaita shekara. Kwantar da hankalinki, ki bi matakan nan shida. Maki kamar yana cikin jakarki ne, ni na faɗa miki.

1. Haddace manyan kalmomi

A kwaleji an gaya miki da wasa yaro yake koyo, kuma kowa da irin saurinsa. Gaskiya ne, amma don ki riƙa faɗa aka koya miki, ba don ki wahalar da kanki ba. In biyu suna kokawa a kan murfin kwalba, ce suna gina zamantakewa. In ɗaya ya ci alli, yana binciken muhalli ne. In ajin gaba ɗaya ya ɓarke da kuka, dubi agogo ki gyaɗa kai, kamar dama ƙarfe goma kika tsara a yi shi.

2. Cika bango

Kwali, almakashi, gam. Manna komai can sama, inda idon babba yake kaiwa, hannun yaro ba ya kaiwa. Kada ki kuskura ki bar su su yi zanen, don giwar ɗan shekara uku da dankali take kama. Zana da kanki, da hannun hagu, ki ce nasu ne. Ni da na yi haka, wata uwa sai da ta ɗauki hoton kyanwar da na zana ta tura wa dangin mijinta kaf.

3. Maimaita darasin, amma da wayo

Kowa yana bitar darasin kafin ranar, har waɗanda suke rantsuwa ba sa yi. Sau biyu ya isa. Kika wuce haka, a gaban baƙuwa wani zai ce, "Anti, jiya ma mun yi wannan."

Kuma ki guji dabarar ƙawata. Ce wa 'yan ajinta ta yi wanda ya san amsa ya ɗaga hannun dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, don a ga kowa hannu a sama. Ta manta ɗan shekara uku bai san hagu da dama ba. Ta nuna wata mai dama a sama, ta ce, "Wane launi ne wannan?" Yarinya ta miƙe tsaye ta ce, "Babana yana da akuya."

4. Naɗa Sarkin Tambaya muƙami

Kowane aji da nasa, mai "me ya sa" tun safe har a tashi. Ba shi dasta, ki ce shi ne shugaban allo, kuma shugaba ba ya magana. Ki tabbatar da tazara tsakaninsa da mai duba. Namu sai da ya leƙa fuskarta da kyau, sannan ya ɗaga murya: "Anti, me ya sa wannan kakar take da gemu?"

5. Shafa wa gwiwa ƙura

Nan sirrin yake. Mai dubar nan, wadda muke kira Jan Biro, ba ta damu da tsarin darasinki ba. Gwiwa take kallo. A wurinta, mai magana da ƙaramin yaro dole ta durƙusa ido ya haɗu da ido, saboda haka malama mai tsaftatacciyar gwiwa ba ta yi aiki ba. To, wa ya ce sai kin durƙusa? Da kin ji motarta, debi ƙurar alli ki shafa wa siket, gwiwa biyu. Ki ɗiga ruwa a kafaɗa, a ɗauka wani ya yi kuka a wurin. Mai wayo ba ta ciwon baya.

6. In wani ya faɗi

Wannan matakin, gaskiya, ban gama gyara shi ba.

A tawa Larabar komai yana tafiya sumul. Saura minti takwas, wata 'yar mitsitsiya ta harɗe da bakin tabarma ta faɗi rub da ciki. Jan Biro ta ajiye biro ta zuba ido. Na zube a kan gwiwa, karo na farko cikin mako shida, na ware hannu: "Zo nan, 'yar lele, zo wurin Anti!"

Ta tashi tana kuka, ta yo kaina a guje. Ta zo daf da ni, ta kauce, ta fice ƙofa, ta rungume ƙafar Inna mai shara. Tsohuwar da take share baranda ke nan, wadda duk mako shidan nan ita take goge musu hanci da ɗaure musu takalmi, ni kuwa ina yankan kwali.

Ina nan durƙushe, hannu a ware, kamar mai roƙon ruwa. Jan Biro ta ce a hankali, "Malama, ya sunan yarinyar?"

Mako shida, ban san sunanta ba. Wallahi kunyar da na ji ko maƙiyina ba na yi masa fatanta.

Ba ruwana

Duk wadda ta bi matakan nan ta sha ƙasa, ita ta jiyo. Ban san ki ba, ban aike ki ba, kada ki ba mahaifiyarki lambata. In kuma dole sai kin zo kin zage ni, ina aji na ƙarshe kusa da famfo, zagaye na biyu. Ki yi sallama a hankali kada ki rikita ni, sunaye ashirin da uku nake haddacewa. Saura huɗu.