Waya Uku, Rami Ɗaya

"...Lafiya lau, sai kewar baiwata. Shigo mana, kin tsaya a bakin ƙofa kamar mai ɗiban wuta."

"Bawa ba ya ce wa uwar ɗakinsa shigo, tashi yake ya karɓi jaka. Me ke ƙauri a ɗakin nan?"

Mai tambayar Dalma ce, mai gyaran rediyo, wadda sana'a ta cinye mata sunan yanka. Mai ɗakin kuwa taubashinta ne, ɗan marigayi kawunta, makaɗin jita da kowa ke kira Tsirkiya saboda tsabar sirantarsa. Tun suna rarrafe kowannensu ke iƙirarin ɗayan bawansa ne, har yau ba a yanke shari'ar ba.

Da safe ya kira ta a waya. Ƙarfe huɗu manajan wani otal zai zo ya ji kiɗansu, su uku ne, shi da mai fiyano da mai gangar lantarki, amma amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗaya ce gare su. Ba manajan ne ya sa Dalma ta rufe shago ba. Amfilifayar ta Kawu ce, a cikinta ya koya mata liƙa waya da dalma, kuma ta san hannun ɗansa. In ya ƙona ta, babu wata irinta.

"Ƙauri kuma?" in ji Tsirkiya. "Hancinki ne, ya saba da hayaƙin dalma. Dubi aikin injiniya."

Dalma ta duba. Ya fere bakin wayoyi uku, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da salatif, ya cusa a rami ɗaya na gaban amfilifayar.

"Wa ya yi wannan kitso?"

"Ni. Ba haka ake jona wutar gida ba?"

"Wutar gida! Kai da ko tocila ka sa wa batir sai ta yi kwana uku tana jinya. Wannan baƙin akwatin fa?"

"Firiyam ke nan, baƙauyiya. Sabo fil. Jita ke bi ta cikinsa muryarta ta yi ƙarfi. Tsaya ki ji."

Kafin ta ce kada, ya kunna. Mai fiyano ya danna, mai ganga ya buga, Tsirkiya ya ja jitarsa yana lumshe ido. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Fiyano ya haɗiye jita, ganga ta haɗiye fiyano, lasifikar ta shiga tari kamar tsohuwar da ta shaƙi barkono. Dalma ta yi tsalle ta zare filogi daga bango.

"Ke! Yanzu fa ta fara ɗumi!"

"Ɗumi ko ƙuna? Taɓa nan ka ji. Ƙwai zai soyu a kanta."

"Hassada ce. Jiya da na kaɗa, mutane suka cika layin nan."

"Na ji labari. Da bokitan ruwa suka zo, sun zaci gobara ce."

Mai fiyano ya ƙyalƙyale da dariya, Tsirkiya ya harare shi.

"Saurara, bawan gidanmu," in ji Dalma. "Ramin gaban nan na jita ne ita kaɗai, don muryarta ƙarama ce, sai an tallafa mata. Kai kuma ka riga ka ƙara mata ƙarfi da akwatinka, ka haɗo ta da ƙattai biyu, ka tura su ƙofa ɗaya. Kowa na tura wutarsa cikin ɗan'uwansa. Ina za su fita lafiya?"

"To ramin nawa ne? Ɗaya ne! Ko haƙa wani za ki yi da wannan dogon hancin?"

"Juya ta."

"In juya wa?"

"Amfilifayar. Ko ƙarfin ma babu? Ku taya shi, kada ya karye."

Suka janye ta daga jikin bango. Shekara shida Tsirkiya yana goge gabanta kullum safiya har tana ƙyalli, amma bai taɓa leƙa bayanta ba. Dalma ta hure ƙura da saƙar gizo, ta nuna wani rami da tsinin sukundireba.

"Ka ga wannan? Sautin da ya riga ya yi ƙarfi ta nan yake shiga, ya wuce kai tsaye."

"Ai na san da shi. Gwada ki nake yi."

"Allah ya shirye ka."

"To shi ma ai ɗaya ne, malama. Mu kuma uku."

 Maganin matsalar yana cikin jakar Dalma tun safe, amma ranta bai so fito da shi ba. Ta dubi agogo, uku da rabi ta gota, ta dubi lasifikar Kawu. Sai ta zuge jaka ta ciro wani tsohon gwangwanin alewa mai maɓalli uku a murfi, ramuka uku a gefe guda, waya ɗaya a ɗaya gefen.

Tsirkiya ya riƙe ciki. "Jama'a, manaja zai zo, baiwata ta kawo masa alewa!"

"Miksa ce, jahili. Kowa da raminsa, kowa da maɓallinsa, babu mai taka wani. Warware kitson nan."

Cikin 'yan mintuna ta liƙa wa kowace waya nata kan jonawa. Ta jona wayar gwangwanin a ramin baya, ta sa mai ganga ya rage kaurin muryar gangarsa don lasifikar jita ba ta ɗaukar irin wannan duka, ta mayar da maɓallan duka ƙasa. Sannan ta miƙa wa Tsirkiya wayar da ta fito daga firiyam.

"Sa a na farko."

Ya sunkuya, sai ya tsaya. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan farin salatif da ya koma rawaya, da rubutun biro mai karkata wanda ya sani sarai. Na farko an rubuta Ni. Na biyu Tsirkiya. Na uku Dalma.

"Rubutun Baba ne," ya ce a hankali.

"Tare muka haɗa shi, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ya ce in ka iya jita, mu uku za mu yi kiɗa. Ka iya a makare, kamar komai naka."

"Nawa ai na biyu ne."

"Na farko na ce. Wa ke riƙe da jitarsa yanzu?"

Ya jona. Ta ɗaga maɓallan kaɗan-kaɗan. Jita ta fito tar a gaba, fiyano na biye da ita, ganga na can ƙasa tana tafiya da ladabi. Muryar amfilifayar ce ta da, wadda Dalma ke ji daga tsakar gida tana yarinya. Ta yi kewar Kawu ƙwarai, har ta juya tana neman wani abu a jaka wanda ba ya ciki.

"Kuka kike yi?"

"Ƙurar da ka tara ce, ƙazami. Kai fa, me ya samu idonka?"

"Hayaƙin dalmarki."

Aka ji tsayuwar mota a waje. Dalma ta tura gwangwanin gabansa da yatsa.

"Riƙe shi, na bar maka. Amma kada maɓallin da ke da sunana ya taɓa zama ƙasa da naka."

Tsirkiya ya fashe da dariya, ya goge fuska da hannun riga, ya ɗauki jakar kayan aikinta ya rataya a wuya kusa da jitar.

"Na yarda, ranki ya daɗe. Yau kam ni ne bawan. Zauna a kujerar gaba, ki ji yadda Baba ya so a yi."