Yadda Za Ka Mayar da Ragon Layya Katin Salula

Ɗan'uwa, idan kana da rago a ɗaure, kuma zuciyarka ta fara raɗa maka cewa kai ka wuce ajin dusa da harawa, jawo kujera. Na ba ka tabbaci, duk wanda ya bi hanyar nan sau da ƙafa, kafin salla ta wuce sai duk kartiye, wato unguwa, ta san sunansa. Ba jin ta na yi ba. A gaban idona Harouna, mai albasa a kasuwar Wadata ta Yamai, ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma har yau ana zancensa a unguwar Boukoki.

1. Ka fara jin haushin ragonka

Ka san yadda muke yi a Yamai. Ranar layya a hura wuta a bakin titi, kowane gida ya kafa banƙararren ragonsa a kan sanduna, a kewaye wutar har yamma. Ba a tambayar wa ya yanka, wa bai yanka ba, ido ne ke zagayawa. Tun da Harouna ya yi aure wurinsa bai taɓa zama wayam ba, kuma yana ji da wannan ƙwarai.

A wannan shekarar ma akwai rago, fari, mai wuya kamar turmi. Matarsa Zeinabou ke ɗawainiyarsa tun yana ɗan ƙarami. To kai abin da za ka yi, duk safiya ka tsaya ka kalle shi yana tauna, ka tuna cewa aljihunka yake taunawa.

2. Ka nemi masani a fada

Kowace fadar shayi tana da nata. Na su Harouna shi ne Huzaifa mai gyaran salula, wanda ya nuna musu wani wasan kati, Yaƙin Dodanni. Ya ce katunan suna kan blokcen: naka naka ne, kana iya sayarwa yadda ka ga dama, kuma babu ɓarawon da zai iya ɗauke maka. Kada ka tambayi mene ne blokcen. Gyaɗa kai a hankali, ka kurɓi shayi, mutane su zaci ka taɓa zuwa can.

Sai Huzaifa ya nuna musu Giwar Ƙarfe, katin da ke take kowa a wasan. Ya ce kaɗan aka yi, kamfanin kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Mai albasa ya ji kalmar "kaɗan", kunnuwansa suka miƙe.

3. Ka sayar, amma kada ka ce ka sayar

Ce juya dukiya ka yi. Harouna ya miƙa wa dillali igiya, ya sayi Giwa, har aka yi masa gyara da wani ɗan kati maras kyan gani mai suna Amya. Ya koma gida ya nuna wa Zeinabou hoton, ya yi mata alkawarin kafin salla giwar nan za ta haifi ragon da sai majiya ƙarfi sun taru kafin a kayar da shi.

Ta daɗe tana kallon salular, sannan ta ce, "Baban Huda, ita wannan ana yanka ta?"

Idan taka matar ta yi irin wannan tambayar, ka yi dariya irin ta manya, ka ce harka ce ta zamani.

4. Ka riƙe kati kamar albasa

Nan ne gwanintarka za ta fito. Farashin Giwa ya hau, ya ƙara hawa. Huzaifa ya ja Harouna gefe ya ce masa ya sayar, don an yi shelar sabon zubin katuna, kuma in sababbi suka shigo ba a san inda tsofaffi za su kwana ba. Harouna ya yi masa kallon tausayi. Shi da ya tashi cikin buhunan albasa za a koya wa ajiya? Wane mai hankali ne ke sakin kaya kafin salla? Tumatir na hawa, shadda na hawa, tela ma wuyansa na kauri. Gara a jira jajibiri.

Kai ma ka tsaya a kan wannan. Kada ka bari a tuna maka cewa masu kamfanin suna wata ƙasar da ba wanda ya san an ga wata.

Amya kuwa, da yake ba ta da kwarjini, Harouna ya saki abarsa a kan abin da bai wuce kuɗin forfen intanet ba.

5. Idan sabon zubi ya zo, ka zargi rezo

Ana saura kwanaki salla sababbin katuna suka fito. A ciki akwai Rundunar Zuma, wadda harbi ɗaya take yi wa Giwa ta kwanta. Kamfanin bai karya alkawari ba, bai ƙara ko giwa ɗaya ba, abin da ke kashe ta kawai ya ƙirƙiro. Kowa ya ruga sayarwa, mai saye ya ɓace. Ita kuwa Amya, tun da zuma ba ta yaƙi sai da ita, farashinta ya tashi sama kamar an sa masa fiffike.

Albasa in za ta ruɓe, wari take yi ta gargaɗe ka. Kati kuwa a tsabtace yake ruɓewa, yana sheƙi. Ka ɗaga salula sama, ka girgiza ta, ka ce rezo ne, layin waya ya ɗauke. Kuma ka kwantar da hankalinka, gaskiya Huzaifa ya faɗa: babu ɓarawon da zai ɗauke maka Giwa. Ko a ƙofar gida ka ajiye ta, nan za ka same ta.

6. Ranar jajibiri, kada ka gane kowa

Maƙwabcin Harouna, Oumarou, wani dattijon Bazabarme direban taksi, ya dawo daga kasuwar dabbobi janye da farin rago. Ragon na hango Harouna ya fizge igiya, ya zo ya goga masa kai a gwiwa, ya wuce cikin gidan kai tsaye, ya tsaya a turkensa yana jiran dusa. Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya.

Ka ce dabbobi haka suke son ka tun kana yaro.

7. Ka zama sarkin wuta

Wanda ba shi da rago a sanda, ya riƙe itace. Harouna ya yini yana gyara wuta, yana juya ragunan mutane, yana ba da umurni, don kada a lura da gurbinsa. An lura. A nan zan ajiye wasa kaɗan: kunya ya ji, kuma ba ta mutanen layi ce ta fi cin sa ba, ta Zeinabou ce, wadda ta sha ɗaukar harawa a ka.

Washegari da aka shiga rabon nama, Oumarou bai aiko kowa ba. Da kansa ya shigo da cinya guda a rufe cikin kwano.

"Kala suuru, sai haƙuri, maƙwabci," ya ce. "Kiwon gidan nan ne, bai kamata gidan ya rasa ɗanɗanonsa ba."

Zeinabou ta soya, ta barbaɗa yaji, ta ajiye a gaban mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ci, Baban Huda. Giwar a bar ta ta ƙara ƙiba."

Ya ci. Naman ya yi daɗi ƙwarai, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba dillali ba ne, ba malami ba, bai kuma taɓa cewa kowa ya kwance dabbarsa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana juya ragon wani, tsakaninsa da matarsa ne, kada ya zo min gida. Mai son Giwar Ƙarfe ya nemi Harouna a Wadata, yana ba da ita gyara a kan buhun albasa. An sake ɗaure ɗan rago a gidan, amma kada ka wahalar da kanka zuwa taya shi: wannan karon igiyar a hannun Zeinabou take.